Avatar ko Harry Potter: wanne za ka fara in musu kake so?

Da aka gama jarrabawar BEPC, ɗan yayata ya zo ya same ni a teburin mai shayi a unguwar Yalwa, nan Garwa, da wayarsa a hannu. Ya ce, "Kawu, hutun nan kusan wata uku ne, kuma katin wayata ba zai ɗauki duka biyun ba. Abokaina sun rabu gida biyu, wasu Avatar wasu Harry Potter, kullum musu suke a kan wane ne zai iya kashe wane, ni kuwa ina zaune kamar baƙo. Wanne zan fara?"

Na ce masa Avatar. Amma da na koma gida sai na ga amsar ta yi gajarta, domin akwai wanda in ya tambaye ni zan ce masa Harry Potter ba tare da na yi jinkiri ba. Bambancin yana ga irin musun da mutum yake jin daɗinsa. Wanda bai kalli ko ɗaya ba kuma ba ya son a tona masa ƙarshen labari, ya yi haƙuri, don ba a iya wannan magana sai an taɓa asirai da dama.

Mu fara kawar da ruɗani, don masu tura finafinai a waya sun sha haɗa wa yara abin da ba shi suka nema ba. Avatar da nake nufi shi ne zanen katun ɗin da tashar Nickelodeon ta Amurka ta nuna daga 2005 zuwa 2008, wanda Michael Dante DiMartino da Bryan Konietzko suka ƙirƙira. Kashi 61 ne a zango uku, kowane kashi minti ashirin da 'yan kai, wato kusan kwana ɗaya cur in da mutum zai zauna bai tashi ba. Ba shi da alaƙa da fim ɗin shuɗayen mutanen nan na 2009. Akwai kuma fim ɗin 2010 da aka yi da mutane na gaske, wannan ku bar shi inda kuka gan shi. Harry Potter kuwa littattafai bakwai ne na J. K. Rowling, 'yar Birtaniya, da suka fito daga 1997 zuwa 2007, sannan aka mai da su finafinai takwas daga 2001 zuwa 2011, waɗanda jimillarsu ta kusa awa ashirin. Ke nan a wajen kallo tsawonsu bai yi nisa da juna ba. A wajen karatu ne aikin yake, don littattafan bakwai sun haura kalma miliyan ɗaya a Ingilishi.

Ma'aunin da nake auna irin waɗannan labarai da shi ba daga waje na samo shi ba. Duk wanda ya taso yana jin hirar 'yan tauri da mafarauta ya san ba a ba mutum lakani haka kawai. Akwai sharaɗi, a ce kada ka ci kaza ko kada ka tsallake kaza. Akwai kuma makari, wato abin da in abokin gaba ya sani zai karya maganin. A tatsuniya ma haka ne: da zarar tsohuwa ta ce wa yarinya "in kin tafi kada ki waiwaya", yaran da ke sauraro sun riga sun gyara zama, don sun san inda labarin zai karye. Ban ce waɗannan abubuwa gaskiya ne ba, maganar yadda ake gina labari nake. Abin da ke riƙe mai sauraro shi ne ya san iyakar abin, ya san inda zai ci da inda ba zai ci ba. Wani marubucin Amurka, Brandon Sanderson, ya rubuta makamancin wannan a 2007, inda ya ce gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci sihirin labari, gwargwadon yadda marubuci zai iya warware matsala da shi ba tare da an ji an yi coge ba. Kakanninmu ba su rubuta ba, amma da shi suke aiki.

To a wannan ma'auni Avatar ya yi wa Harry Potter nisa. Duniyarsa al'umma huɗu ce, ta ruwa da ta ƙasa da ta wuta da ta iska, kuma a kowace al'umma akan haifi wasu da baiwar sarrafa abin nasu. Mutum ɗaya ne kawai a kowane zamani yake iya haɗa huɗun, shi ne Avatar, a nan wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Aang wanda ya yi shekara ɗari a daskare cikin ƙanƙara. Sarrafawar da jiki ake yin ta, ba da surkulle ba. Masu zanen sun ɗauko salon kowace al'umma daga wani nau'in wasan faɗa na ƙasar Sin, shi ya sa daga tsayuwar mutum kaɗai kana iya gane abin da zai sarrafa. Mai ƙasa yakan kafe ƙafafu kamar ɗan kokawa, mai iska kuwa kewaye yake yi, ba ya tsayawa a ci shi da gaba.

Kowane allazi da nasa amanu, kuma labarin ba ya ɓoye maka amanun. Mai ruwa ba ya ƙirƙirar ruwa, sai ya samu, shi ya sa Katara, abokiyar tafiyar Aang, take yawo da salkar ruwa a ƙugu. Ƙarfinsa yana ƙaruwa da dare, musamman in wata ya cika. Mai wuta da rana yake tashi, in aka yi husufin rana wutarsa ta mutu. A zango na uku an gina hari guda a kan husufin da zai ɗauki minti takwas kacal. Akwai kuma tauraruwa mai wutsiya da ke dawowa duk shekara ɗari tana ninka ƙarfin masu wuta, da ita aka yi amfani aka shafe al'ummar iska. Masu ƙasa da aka kama, a wani kurkukun ƙarfe a tsakiyar teku aka tsare su, inda babu ko tsakuwa. Da suka tashi ɓallewa, da gawayin kwal ɗin da ake hura injin wurin suka yi, don shi ma daga ƙasa aka haƙo shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda sababbin dabaru suke tsirowa daga tsohuwar ƙa'ida. Ɗauki Toph, makauniyar yarinyar da ke gani da tafin ƙafarta ta hanyar girgizar ƙasa. Tun farko an gaya mana mai ƙasa ba ya iya taɓa ƙarfe. Da aka kulle ta a akwatin ƙarfe sai ta lalubo ɓurɓushin ƙasar da ya rage a cikin ƙarfen, tunda ƙarfe ƙasa ce da aka tace, ta murɗe shi ta fita. Ba a karya doka ba, an bi ta ne har ƙarshenta. Kuma abokan gaba sun koyi darasi: da aka sake kama ta a zango na uku, a kejin katako aka sa ta. A cikin wannan kejin ne Katara, da ba ta da ko ɗigon ruwa, ta yi ta gudu a tsaye har ta yi gumi, ta yanka katakon da guminta. A kashin da ya biyo baya sai ga wata tsohuwa, Hama, wadda ta yi shekaru a kurkukun da ake busar da iskarsa, ta gano cewa duk mai rai ruwa ne a jikinsa. Ta fara gwadawa a kan ɓeraye a daren da wata ya cika, har ta kai ga juya mutum ta jininsa. Mai kallo da ya lura zai ga an yi masa matakala: a zango na biyu an nuna mutanen fadama suna juya kurangar daji ta ruwan cikinta, sai gumi, sai jini. Kafin a nuna maka, kai da kanka kana iya isa wurin.

Wannan shi ke sa musun Avatar ya yi armashi a majalisa, don ana iya kafa hujja a ƙure mutum. Na ji yaran suna gardama a kan wa zai ci in aka haɗa mai ruwa da mai wuta a Garwa. Ɗaya ya ce a bari sai Agusta in Binuwai ta cika, ɗayan ya ce a'a, a yi a watan Afrilu da tsakar rana, lokacin da ko gumi ba ya daɗewa a jiki. Duka biyun da ƙa'idar labarin suke magana. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne musun ƙurar hunturu, wannan hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi ya rufe mana gari: ta mai iska ce ko ta mai ƙasa? Wani yaro ya kashe bakin kowa da ya tuna musu cewa a cikin labarin akwai mutanen hamada masu tuƙa jiragen yashi, kuma masu ƙasa ne, yashin suke juyawa har ya tayar da iskar da ke tura jirgin. Aka yarda ƙurar ta mai ƙasa ce, iskar da ta ɗauko ta kuma ta mai iska. An tashi an san wanda ya ci.

Akwai musun da har yau ba a rufe ba, kuma su ma da daɗi. Shin baiwar gado ce? A wani kashi an nuna tagwaye masu kama ɗaya, ɗaya yana sarrafa ƙasa ɗayan ba ya iyawa, kuma iyayen Katara ba wanda ke sarrafa ruwa, ɗan'uwanta Sokka ma ko ɗigo. Me ya sa mai wuta shi kaɗai yake fitar da abinsa daga jikinsa, sauran sai sun nema? Labarin ya ce daga numfashi take fitowa, wasu suna ganin an fifita su ne kawai. In an ɗaure hannu da ƙafa an gama da mutum? Galibi haka ne, amma tsohon sarki Bumi an rufe shi a akwatin ƙarfe fuskarsa kaɗai a waje, ya ci gaba da ɗaga duwatsu da motsin fuska.

Avatar ma ya yi tuntuɓe, kuma a wuri mafi muni, wato ƙarshe. Aang ba ya son kisa, kowa kuma ya gaya masa babu wata hanya sai ya kashe sarkin wuta. Ana saura ƙiris a gama sai ga wani ƙaton kunkuru mai kan zaki ya koya masa wata dabara ta biyar, ta zare wa mutum baiwarsa. Masu kare labarin suna cewa an nuna hoton kunkurun tun a zango na biyu, a wani ɗakin karatu da ke binne a hamada. Gaskiya ne an nuna, amma nuna hoton dabba daban, gaya mana abin da take iyawa daban. A ganina masu suka sun fi gaskiya. Labarin da ya yi kashi kusan sittin yana biyan kuɗin kowace dabara, a nan ya karɓi kyauta. Ci gabansa, labarin Korra mai kashi 52 da aka nuna daga 2012 zuwa 2014, ya ƙara wa wutar itace. Ya ce kunkurayen ne suka fara ba mutane baiwar, alhali a labarin farko an ce daga dabbobi da farin wata aka koya. Masoya sun sasanta da cewa kunkuru ya ba da ikon, dabbobi suka koyar da salon, kuma sulhun ya zauna daidai. Wanda bai zauna ba shi ne na wasu 'yan gida ɗaya da suke juya jini ba tare da wata ya cika ba, don an cire sharaɗin da ya sa abin yake da ban tsoro da iyaka a lokaci guda.

Harry Potter na fara karanta shi da Faransanci ina lise, aron littafin muke yi hannu zuwa hannu har bangonsa ya fita. A fassarar Jean-François Ménard muka san shi, inda sunan makarantar sihirin ya zama Poudlard, malamin nan mai baƙar zuciya kuma Rogue. Ina son labarin har gobe, amma in ka ɗora shi a ma'aunin sharaɗi da makari, sai ka ga yana rawa. A nan ana ɗaga sanda ne a faɗi kalma, abu ya faru. Ba a gajiya, ba a biyan komai, kuma ba wanda ya san adadin abin da zai yiwu, don kowane littafi yana zuwa da sabon abu da ba a taɓa jin sa ba.

Misalin da kowa ke fara kawowa shi ne ɗan agogon yashin nan mai mai da mutum baya a lokaci. A littafi na uku hukuma ta ba da shi ga Hermione, abokiyar Harry, yarinya 'yar shekara 13, don ta samu halartar darussa biyu a sa'a ɗaya. Da shi suka koma baya awa uku suka ceci rai biyu. Yaro ma zai tambaya: abu irin wannan yana hannun hukuma, me ya hana a koma a hana kashe iyayen Harry? Masu kare labarin suna da amsa mai kyau, cewa a littafin ba a canza abin da ya faru ba, abin da suka koma suka yi dama ya riga ya faru tun farko. Amma ita marubuciyar ta amsa daga baya cewa ta shiga maganar lokaci ba tare da ta auna nauyinta ba, shi ya sa a littafi na biyar ta sa aka farfasa dukkan agogunan a wani faɗa. Sai kuma wasan daɓen da aka yi a 2016 ya dawo da agogon, har aka canza tarihi da shi, amsar masu karewa ta rushe.

Haka maganar abinci. A littafi na bakwai Hermione ta ce akwai abubuwa biyar da sihiri ba ya iya samarwa daga babu, ta ambaci abinci, sauran huɗun ba a faɗe su a littafin ba, masoya suna ta cike gurbin da hasashe. Amma ta ƙara da cewa in kana da kaɗan kana iya yawaita shi. To in mudu ɗaya na gero zai iya zama buhu, talaucin gidan su Ron, abokin Harry, daga ina? Ga kuma asirin ɓoye gida, wanda ake damƙa sirrin wurin a hannun mutum ɗaya. Iyayen Harry sun damƙa wa aboki, ya ci amanarsu, a kan wannan aka gina labarin gaba ɗaya. A littafi na bakwai sai ga yayan Ron yana cewa shi ne mai riƙe da sirrin gidansa da kansa. In haka yana yiwuwa, me ya kai mahaifin Harry neman wani?

Mafi girma shi ne sandar da aka ce ba a cin mai ita. Ƙarshen labarin ya rataya ne a kan cewa sanda tana bin wanda ya rinjayi mai ita. Draco, wani ɗalibi abokin gabar Harry, ya fizge ta daga hannun Dumbledore, shugaban makarantar, daga baya Harry ya ƙwace wata sandar daban daga hannun Draco a wani gida mai nisa, sai biyayyar waccan ta koma kan Harry ba tare da ya taɓa ta ba. A littafi na biyar kuwa ɗalibai sun yi wata da watanni suna fizge wa juna sanduna a wajen atisaye, ba wadda ta sauya ubangida. Ana iya kare wannan, a ce atisaye ba faɗa ba ne, ko a ce waccan sandar ta fi sauran rashin amana. Sai dai ka lura da irin amsar: kai ne kake ɗinke wa marubuciya ɓarakar. A musun Avatar kana cewa "a kashi kaza an nuna kaza", a musun sihirin Harry Potter yawanci kana cewa "wataƙila". Musun da aka gina a kan wataƙila ba ya ƙarewa, sai dai mai shayi ya kwashe kofunansa.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙarfin Harry Potter yana wajen ɓoye sirri da ajiye alama, kuma a wannan fage Avatar ba ya ko kusa da shi. Rowling marubuciyar labarin bincike ce da ta sa wa labarinta rigar sihiri. Sunan Sirius Black ya fito a babin farko na littafin farko, a matsayin wanda ya ba da aron babur, ba a sake jin sa ba sai a littafi na uku da ya zama ginshiƙin labari. Ɓeran Ron da ya rasa yatsa ɗaya yana nan tun farko yana barci a aljihu. A littafi na biyar, ana sharar wani tsohon gida, an ambaci wata sarƙar wuya mai nauyi da ba wanda ya iya buɗe ta, a cikin jerin tarkacen da za a zubar, rabin layi kawai. Bayan littafi biyu aka gane ita ake nema.

Tsakanin fitowar littafi na shida a Yulin 2005 da na bakwai a Yulin 2007, masu karatu sun yi shekara biyu suna wannan farauta. Littafi na shida ya ƙare da wata takarda mai sa hannun R.A.B. Mutane suka yi hasashen ƙanen Sirius ne, Regulus Black. Hujjar da ta fi ƙarfi daga masu karanta fassara ta fito. A fassarar Holan, inda aka mai da sunan gidan Black zuwa Zwarts, harafin ƙarshe ya koma Z. A ta Norwe ya koma S, daidai da yadda aka fassara sunan gidan a can. Mu masu Faransanci ba mu samu wannan garaɓasa ba, don an bar mana Black yadda yake. Namu rabon shi ne sunan yarinta na Voldemort, babban mugun labarin, da aka mai da shi Tom Elvis Jedusor don haruffansa su ba da jimlar da ke tona asirinsa da Faransanci. A wannan shekara biyun ne kuma wasu suka ce wani yanki na ran Voldemort yana jikin Harry, aka yi ta yi musu dariya, littafi na bakwai ya zo ya gaskata su. Ga musun Rogue, na kirki ne ko mugu, wanda ko bayan an tona komai bai mutu ba.

Kuma in an yi adalci, akwai dokoki kaɗan da labarin bai taɓa sassautawa ba, su ne kuma suke ɗauke da shi. Wanda ya mutu ba ya dawowa. Ba a raba rai a ɓoye shi a wani abu sai an yi kisan kai. Mugayen kalmomin azabtarwa ba sa ci sai mai faɗa yana nufin cutarwar har zuciyarsa. Sihirinsa ya fi karkata ga halin mutum da niyyarsa fiye da lissafi, shi ya sa mai neman lissafi yake fita da haushi.

Sai dai akwai wani sharaɗi babba ga mai zaɓen Harry Potter: daɗin nan a littafi yake. Finafinan sun zubar da yawancin alamomin. Sarƙar wuyan nan ba ta fito a fim na biyar ba, maganar riƙe sirrin gida ma an taƙaita ta har ba a gane ta sosai. Wanda ya kalli finafinan kaɗai ya samu ramukan sihirin bai samu ladan farautar ba. Avatar kuwa don kallo aka yi shi tun asali, ba abin da ya ɓace maka. Yaron da Faransancinsa ko Ingilishinsa bai nuna ba zai bi Avatar ko da rabin maganar yake ji, don ƙa'idar a motsin jiki take. Littafin Harry Potter na biyar kuwa ya fi shafi 700, ba kowane ɗan aji huɗu ne zai kai ƙarshensa ba. Amma wanda ya kai, harshensa ba zai koma yadda yake ba, ni shaida ne.

Yayata ta tambaye ni abin da iyaye da yawa za su tambaya, wanne ne ba zai taɓa wa yaro aƙida ba. Na gaya mata gaskiya, kowanne da abin lura. Harry Potter sunan abin ma sihiri ne, da sanda da kalmomin da ake furtawa da haɗa magunguna a tukunya, kuma littattafan suna ƙara duhu daga na huɗu zuwa sama. Avatar ba shi da wannan kama, ya fi kusa da wasan faɗa, amma an gina shi a kan cewa rai ɗaya ne yake sake dawowa a jiki daban-daban, da ruhohin wata da teku da daji, abubuwan da aka aro daga addinan Asiya. Wanda ya ɗauka Avatar ba ruwansa da wannan don katun ne, bai kalla ba. Na ce mata ta zauna ta kalli kashi biyu ko uku tare da shi, ta ji irin tambayar da zai yi, ita ta fi ni sanin ɗanta.

Ga wanda ya girma, ya wuce shekara 16 ko 17, kuma sharaɗi da farashi yake nema tsantsa, akwai na uku da ya fi su duka tsauri, wato Fullmetal Alchemist: Brotherhood na ƙasar Japan, kashi 64, daga 2009 zuwa 2010. Dokarsa ɗaya ce, ba ka samun abu sai ka ba da daidai da shi. Yara biyu sun gwada dawo da mahaifiyarsu da ta rasu, ɗaya ya rasa ƙafa, ɗayan ya rasa jikinsa duka, babban ya sake ba da hannunsa kafin ya riƙe ran ƙanensa a cikin sulke. Akwai jini da yaƙi a ciki, ban ba ɗan yayata shi ba tukuna.

In kai mai son a ƙure ka ko ka ƙure wani ne, mai son a ce ga doka ga hujja, kuma da ido za ka bi labarin a waya, fara da Avatar. In kai mai haƙurin karatu ne, mai jin daɗin komawa shafi ɗari baya don duba wani suna da ka tuna, kuma kana da inda za ka samu littattafan bakwai, Harry Potter zai biya ka fiye da yadda Avatar zai iya, in dai ka yafe masa agogon yashi. Wanda ba zai karanta ba, finafinai kaɗai zai kalla, ban ga dalilin da zai sa ya fara da Harry Potter ba.

Ɗan yayata ya kai zango na biyu cikin kwana tara. Shekaranjiya da daddare ya turo mini saƙon murya, ko sallama bai gama ba ya ce, "Kawu, tunda Toph da ƙafa take gani, in aka ɗora ta a kwalekwale a tsakiyar Binuwai ai an gama da ita ko?" Na ce ya ci gaba da kallo, akwai inda za ta taka yashi da inda za ta taka ƙanƙara, in ya gani ya dawo mu yi magana.